Binciken gona da kiwo: a tashar gwaji ake auna nasararsa ko a hannun masu ƙasa?

Nazarin_Karkara:
Assalamu alaikum. Ina so in gabatar da wata magana ga masana da ma'aikatan da ke cikinmu, kuma ina fatan a dube ta da idon basira ko da ba a yarda da ni ba. Ra'ayina shi ne, duk binciken da aka ce an yi shi domin amfanin ƙasar noma, ko dabbobi, ko abin da mutanen karkara suka gada, ba a sanin nasararsa a ranar da aka buga sakamakonsa. Sai masu binciken sun tattara kayansu, kuɗin shirin ya ƙare, sannan a koma a ga ko manomi da makiyayi suna ci gaba da abin da aka koya musu ba tare da an biya su ba. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne noman tsakanin layukan itatuwa, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi ta gwadawa tun shekarun 1970: a dasa itatuwa masu ƙara wa ƙasa ƙarfi layi-layi, a riƙa sare rassansu ana zuba ganyen a gona, a yi shuka a tsakaninsu. A filin gwaji amfanin ya yi kyau, amma manoman da suka riƙe tsarin ba su da yawa, domin lokacin da itatuwan ke buƙatar sara shi ne lokacin da ciyawa ke neman cinye gona, hannu kuma bai isa ba. To, wannan nasara ce ko akasin haka? Kuma wa ya kamata ya yanke hukunci?

Masanin_Ƙasa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ma'aunin da ka kawo yana da kyau, amma idan aka ɗauke shi shi kaɗai zai zalunci wani nau'in aiki da ba a iya yinsa a gonar kowa. A tashar gwaji ta Rothamsted a Ingila akwai filin da ake shuka alkama a cikinsa tun 1843, kowace shekara, wani yanki da takin dabbobi, wani da takin zamani, wani kuma ba taki sam, ana ajiye samfurin ƙasa da na amfanin gona a rumbun adana. Babu manomin da zai yarda ya bar wani yanki na gonarsa ba taki har tsawon rayuwarsa domin a koyi darasi. Amma da yawa daga abin da muka sani game da yadda ƙasa ke tara ƙarfinta ko ta zubar da shi a hankali, daga irin wannan fili ya fito. Ƙasa tana sauyawa ne cikin shekaru ashirin ko talatin, shirye-shiryen da ake ba mu kuɗinsu kuwa galibi shekara uku zuwa biyar ne. Matsalar tana nan, ba a tashar gwaji ba.

Malamar_Gona:
Ni dai aikina tsakanin ɓangarorin biyu yake, kuma abin da nake gani a fili ya sa nake goyon bayan Malam Nazarin_Karkara da sharaɗi. An taɓa turo mana wani gwajin iri da za a yi a gonakin manoma. Kusan kowane manomi da muka roƙa ya ba mu ɓangaren gonarsa, kusurwar da ta fi lalacewa ya nuna mana: inda ruwa ke kwanciya, ko fako, ko bakin hanyar da awaki ke bi. Da aka auna amfanin, masu rubuta rahoto suka ce sabon irin bai yi ba. Wani dattijo a cikinsu ya faɗa mini dalilin a fili, cewa ba zai sa abincin iyalinsa a caca ba saboda irin da bai sani ba, kuma idan irin ya yi wani abin kirki a wannan kusurwar, to lalle zai yi a ko'ina. Shi ma gwaji yake yi, amma tambayarsa ba tamu ba ce. Mu muna neman irin da zai fi yawan amfani a shekarar albarka, shi kuma yana neman wanda ba zai kunyata shi ba a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri.

Ɗalibin_Ilimi:
Malama, ashe ba domin irin wannan aka ƙirƙiro gwajin da ake kira na uwa da 'ya'ya ba? A Malawi aka fara shi a ƙarshen shekarun 1990. Akwai babban fili ɗaya a ƙauye da masu bincike ke kula da shi, mai ɗauke da dukan hanyoyin da ake gwadawa, sannan manoma da yawa kowa ya ɗauki biyu ko uku ya gwada a gonarsa yadda ya ga dama, ya faɗi ra'ayinsa. Ina ganin hakan ya haɗa buƙatar Malam Masanin_Ƙasa da buƙatarki.

Malamar_Gona:
Haka ne, kuma tsari ne mai kyau. Sai dai yana buƙatar ma'aikacin da zai zauna ya saurara, ba wanda zai zo da takardar tambayoyi ya cike ta cikin minti goma ba.

Ɗan_Makiyayi:
Har yanzu maganar gona ake yi, alhali a fannin kiwo ne ɓarnar ta fi girma. A 1968 wani masani ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya rubuta cewa duk makiyayar da jama'a suka yi tarayya a kanta ƙarshenta lalacewa, domin kowa zai ƙara dabbobinsa har ciyawa ta ƙare. Bai zauna da makiyaya ba, lissafin tunani ne kawai, amma gwamnatoci da masu ba da bashi suka ɗauke shi tamkar gaskiyar da aka tabbatar, aka yi ta killace filaye da waya ana tsugunar da masu yawo da dabbobi. Sai daga baya masu binciken da suka bi garke da ƙafarsu suka nuna wani abu dabam. A 1983 Breman da de Wit suka buga sakamakon aikinsu a Mali, inda suka nuna cewa makiyaya masu ƙaura suna samar da abin gina jiki a kowace hekta fiye da manyan gandun kiwo na Amurka da Ostareliya masu irin wannan ruwan sama. A 1988 kuma Ellis da Swift, bayan dogon aiki a Turkana ta Kenya, suka nuna cewa a ƙasar da ruwan samanta ba shi da tabbas, fari ne ke ƙayyade yawan ciyawa da yawan dabbobi fiye da kiwon kansa, domin kafin dabbobi su yi yawan da za su lalata ƙasa, fari ya riga ya rage su. Ke nan ƙaura dabara ce ta bin ruwa da ciyawa, ba jahilci ba. Tambayata ita ce, wa zai biya waɗanda aka raba da burtalinsu da mashayarsu saboda ra'ayin da bai taka ƙasa ba?

Alƙalami_Ja:
Ɗan'uwa, ka faɗi rabin magana. A Mongoliya, bayan an raba garkunan gwamnati ga jama'a a farkon shekarun 1990, yawan dabbobi ya tashi daga kimanin miliyan 25 zuwa kimanin miliyan 70 a 2019, awaki suka ƙaru sosai saboda kasuwar gashinsu, kuma lalacewar makiyaya a can ba ƙage ba ne. Su ma makiyaya ne masu ƙaura na asali. Saboda haka kada mu bar kuskure guda mu faɗa wani, mu ce duk abin da makiyayi ya yi daidai ne.

Ɗan_Makiyayi:
Ban ce daidai ne ba. Abin da ya rushe a can shi ne tsarin da ke cewa wane zai yi kiwo a ina kuma yaushe. Idan wannan ya rushe, ko'ina ne ƙasa za ta sha wahala.

Hajiya_Mai_Nazari:
Ku biyun kuna kewaye abin da Elinor Ostrom ta shafe rayuwarta tana nazari, har aka ba ta kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009. Ta bambanta filin da ba shi da mai shi da filin da jama'a suka mallaka tare da dokokinsu. Ɗaya daga misalanta shi ne ƙauyen Törbel a tsaunukan Suwizalan, inda tun 1517 aka rubuta doka cewa ba wanda zai kai shanu makiyayar tsauni fiye da adadin da zai iya ciyarwa da abincin da ya tanada a lokacin hunturu. Ku duba hikimar wannan doka. Ba ta buƙatar masani ya zo ya auna ciyawa, domin kowa ya san girman rumbun maƙwabcinsa, kuma wanda ya karya ta ana cin sa tara. Wannan shi ne gadon da nake so mu yi magana a kansa, tun da Malam Nazarin_Karkara ya ambace shi a farko amma aka wuce. Gado ba gine-gine da kayan tarihi kaɗai ba ne. Dokar rabon ruwa, da lokacin da ake buɗe gonaki ga dabbobi bayan girbi, da sanin wace rijiya ce ba ta ƙafewa, duk gado ne, kuma su ne ke saurin ɓacewa saboda ba a ganinsu a hoto.

Injiniya_Ruwa:
Hajiya, ina girmama ra'ayinki, amma ina tsoron yadda ake ɗaukaka gado a bakin waɗanda ba su ne ke ɗaukar nauyinsa ba. Gonakin shinkafa masu hawa-hawa na Ifugao a Filifin sun shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1995, a 2001 kuma aka sa su cikin waɗanda ke fuskantar haɗari, kuma daga cikin manyan dalilan akwai barin matasa ƙauyuka. An cire su daga jerin masu fuskantar haɗarin a 2012, amma tambayar ba ta gushe ba. Katangar da ke riƙe irin wannan gona sai an gyara ta da hannu kowace shekara. Mai yawon buɗe ido yana ganin kyau, mai gonar yana ganin ciwon baya. Idan bincike bai nemo hanyar da aikin zai ragu ko kuɗin shiga ya ƙaru ba, ba mu da hurumin cewa ɗan wani ya zauna yana gyaran dutse domin mu ji daɗin cewa an kiyaye tarihi.

Hajiya_Mai_Nazari:
Ban ƙi ko kalma ɗaya daga abin da ka faɗa ba, Injiniya. Shi ya sa shirin da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar a 2002 domin tsare-tsaren noma na gado ya ginu a kan cewa a bar su suna aiki suna kuma sauyawa, kada a daskarar da su. Ko an cim ma hakan a kowane wuri, wannan wata magana ce.

Likitan_Dabbobi:
Bari in kawo misalin da nake ganin ya amsa tambayar farko kai tsaye, wato kawar da cutar bushiya mai kashe shanu, wadda aka sanar da ƙarewarta a duniya a 2011. Allurar rigakafin da likitan dabbobi Walter Plowright ya samar aikin ɗakin gwaji ce tsantsa, kuma ba makiyayin da zai iya ƙirƙiro ta. Amma ta daɗe tana nan cutar ba ta ƙare ba, domin sai an riƙe ta da sanyi, wuraren da cutar ta ɓuya kuma su ne masu nisa, masu zafi, wasu ma ana yaƙi a cikinsu. Abubuwa biyu suka sauya lamarin a ƙarshe. Na farko, an samar da nau'in allurar da ke jure zafi na tsawon makonni ba tare da firij ba. Na biyu, a wurare irin su Afar ta Habasha da kudancin Sudan an horar da makiyaya su yi wa shanunsu allurar da kansu, aka kuma fara tambayar dattawansu inda suka ga cutar da yaushe, aka tarar bayaninsu yana kai ma'aikata inda cutar take fiye da rahoton ofis. Da an tsaya a ɗakin gwaji da ba a gama ba, da kuma an tsaya ga sanin makiyaya kaɗai da shanu na nan suna mutuwa.

Nazarin_Karkara:
Likita, wannan misali ya ƙarfafa maganata ne. Allurar ba ta zama nasara ba sai da ta isa hannun mai saniya.

Masanin_Ƙasa:
A'a, Malam. Da an yi amfani da ma'auninka shekara goma bayan an samar da ita, da an ce ta gaza a waɗancan yankuna, an daina zuba kuɗi. Haƙurin da aka yi da ita ne ya kai ga 2011.

Likitan_Dabbobi:
Akwai kuma wani gado da ba a ambata ba, shi ne jinsin dabbobin kansu. Shanun N'Dama na Afirka ta Yamma suna rayuwa su hayayyafa a inda ƙudan tsando yake, suna jure sammore da ke kashe wasu shanun. Jajayen tumakin Masai suna jure tsutsar ciki fiye da tumakin Dorper da aka yi ta haɗa su da su saboda girman jiki. Na taɓa duba wata saniya 'yar barbarar waje da aka raba wa wani magidanci a ƙarƙashin wani shiri. Da tsakar rana na same ta a gindin bango, baki buɗe tana haki, kaska cike da kunnuwanta da hantsarta, abincin da aka zuba mata ko taɓawa ba ta yi ba, shanun gida kuwa suna can suna kiwo abinsu. A rahoton shirin an rubuta yawan madarar da take bayarwa a watannin farko, amma ba a rubuta kuɗin magani da ruwan da matar gidan ke ɗebowa dominta ba. Ba ina cewa barbara haramun ba ce. Inda akwai abinci da ruwa da likita da kasuwar madara tana biya. Abin da ke damuna shi ne jinsi idan ya narke cikin wani ba ya dawowa, kuma sau da yawa ana yin barbarar kafin a auna abin da na gida ke iyawa. Ƙasashe sun amince da shirin kare jinsunan dabbobi a Interlaken ta Suwizalan a 2007, amma ajiye maniyyi a cikin sanyi ba ya ajiye sanin yadda ake kiwon dabbar.

Uwar_Garke:
Likita ya ambaci matar gidan a cikin jimla ɗaya, ni kuma a nan nake so in tsaya. A wurare da yawa mata ne ke tatsa, su ke kula da 'yan maruƙa da ƙananan dabbobi, su ne kuma suka fara ganin dabbar da ta daina cin abinci. Mai bincike yakan zo ya zauna da maigida ya tambaye shi komai. Ya auna maraƙi ya ga bai kai nauyin da littafi ya ce ba, sai ya rubuta cewa jinsin ba ya girma, bai san cewa an raba madarar tsakanin maraƙin da yaran gida da gangan ba. Bayanin da aka tattara daga bakin mutum ɗaya a gida ba cikakke ba ne, komai yawan gidajen da aka shiga.

Ɗalibin_Ilimi:
Ina da tambaya ga Malam Nazarin_Karkara. Yaya za a lissafa abin da ya faru a yankin Maraɗi da Damagaram a Nijar? Tun daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya riƙa jan hankalin manoma su daina sassabe tohon da ke fitowa daga kututturen itatuwa, su zaɓi ƙarfafa kaɗan su rene su. An ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, ciki har da gawo mai zubar da ganyensa da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Amma masana ba su gane girman abin ba sai bayan shekara ashirin, da aka gwada hotunan sama na da da na yanzu. A nan manoma ne suka riga, bincike ya biyo baya. Haka ma ramukan shuka da ake kira "zai", waɗanda manomi marigayi Yacouba Sawadogo ya inganta a Yatenga ta Burkina Faso, ya faɗaɗa su ya zuba taki domin gara ta huda ƙasa ruwa ya shiga. Shin wannan bincike ne ko ba bincike ba ne?

Nazarin_Karkara:
Bincike ne, kuma shi ne irin wanda nake nufi. Aikin masana a nan shi ne su auna, su bayyana dalilin da ya sa ya yi, su kuma faɗi inda ba zai yi ba.

Alƙalami_Ja:
Kada a manta da abin da ya sa manomin Nijar ya yarda ya reni itacen. Muddin itace na hukuma ne, malamin daji yana iya cin tararka a kan reshen da ka sara a gonarka, to toho abokin gaba ne, gara a cire shi tun yana ƙarami. Sai da aka sassauta wannan, mutane suka tabbata itacen nasu ne, sannan abin ya bazu. Haka binciken da aka yi a Machakos ta Kenya ya nuna: tsakanin 1930 da 1990 jama'a sun ninka fiye da sau biyar amma zaizayar ƙasa ta ragu, domin mutanen da suka tabbata da mallakar gonakinsu, ga kuma kasuwar Nairobi kusa, sun gina matakalar tare ruwa da kansu, irin aikin da suka ƙi a lokacin da Turawan mulki ke tilasta musu. Saboda haka idan manomi bai riƙe wata dabara ba, mai yiwuwa ba dabarar ce ta gaza ba, aron gona yake yi. Ma'aunin Malam Nazarin_Karkara zai ɗora wa mai bincike laifin dokar ƙasa.

Malamar_Gona:
To ai sanin wanda ya mallaki gonar yana cikin aikin mai bincike tun kafin ya kafa turke. Wanda ya kawo dabarar dasa itace ga matar da ke noma gonar dangin mijinta, bai tambaya ba, shi ya jawo.

Masanin_Ƙasa:
Na yarda da wannan, Malama, amma masanin ƙasa ba lauya ba ne, kuma ba likitan dabbobi ba ne. Abin da ake buƙata shi ne ayarin da ya haɗa fannoni, jami'o'i kuwa har yanzu suna ƙara wa mutum girma ne bisa yawan takardun da ya buga a fanninsa shi kaɗai. Matashin da ya shafe shekara biyar yana bin garke ɗaya zai tarar abokansa sun wuce shi.

Injiniya_Ruwa:
Ni abin da nake so a amsa mini shi ne na kuɗi. Idan aka karɓi ma'aunin komawa bayan shekara goma, wa zai biya wannan komawar? Mai ba da tallafi ya rufe littafinsa, ma'aikatan shirin sun watse, sau da yawa ma ba a ajiye sunayen gonakin da aka yi aiki a cikinsu ba. Sai dai idan tun farko za a ware wani kaso na kuɗin a ajiye, a kuma ba wani ayari dabam aikin dubawa, domin wanda ya yi shiri ba zai zama alƙalin kansa ba.

Ɗan_Makiyayi:
Manomi ma ana iya komawa a same shi a gonarsa. Makiyayin da aka yi aiki da shi bana, bayan shekara goma wataƙila yana wata ƙasar, ko an nome burtalin da yake bi ya sayar da garken. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar makiyaya da filayen kiwo, bisa shawarar Mongoliya. Ina so Malam Nazarin_Karkara ya faɗa mana yadda ma'auninsa zai yi aiki a kan mutumin da ba a san inda za a same shi ba, kuma ko ɓacewarsa daga wurin za a rubuta ta a matsayin gazawar binciken ko a bar gurbin ba komai.

Uwar_Garke:
A tambayi matan da suka rage a wurin. Galibi sun san inda garken ya nufa da dalilin tafiyarsa, har da lambar wayar mai shi.